Yadda ake gyara gonar kufai a Duwatsun Mandara

A Duwatsun Mandara, daga Gwoza zuwa Madagali har Mokolo a Kamaru, gonar gangare ba ta zama sai da katangar dutse, hawa-hawa kamar matakala. Irin wannan gini na cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Sukur, wani ƙauye a kan dutse a yankin Madagali, a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Idan ƙauye ya zama kufai, ko don jama'a sun sauko kwari kusa da ruwa da kasuwa, ko don rikicin Boko Haram ya tashe su, katangun nan ke fara zubewa, ƙasa ta bi ruwa.

Kafin a ɗaga dutse ko ɗaya, a nemi izinin dattawan wurin, domin kufai yana da magada. Inda aka yi yaƙi, duk ƙarfe ko wayar da ba a gane ba kada a taɓa, a kira jami'an tsaro. Tarin duwatsu kuma gidan kububuwa ne da kunama, sai a fara juya su da sanda.

Aikin rani ne, a gama kafin ruwa ya sauka. A fara daga hawan sama, don wanda ya fara daga ƙasa, ruwan farko zai gangaro ya kwashe masa wahalarsa. A kwashe wurin da ya rushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a ware manyan duwatsu da ƙanana. Manya su ne tushe. Kowane dutse ya hau kan gaɓar biyun da ke ƙarƙashinsa, tsawonsa ya shiga ciki. Idan gaɓa ta hau gaɓa, nan katanga ke tsagewa. Ta ɗan kwanta wajen tudu, kamar santimita 15 a kowace mita ɗaya ta tsayi. A cika bayanta da tsakuwa, sannan ƙasa.

Siminti kuskure ne, ko da an samu a sauƙaƙe. Ruwa na bukatar ƙofa. In an toshe shi, zai taru a baya, katanga ta yi ciki ta faɗi. Ɓaure ko ceɗiyar da ta tsiro tsakanin duwatsu a cire ta da saiwa. Gawo kuwa a bar shi, ganyensa taki ne.

Shekarar farko a zuba kashin awaki da toka, a shuka wake, dawa ta jira baɗi. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya, a mayar da dutsen da ya goce tun bai ja na kusa da shi ba.