Kurakuran da aka fi yi in za a kai yara yawon buɗe ido Malesiya, Singafo da Tailan

Yanzu dai abin ya zama yayi, dogon hutu na ƙaratowa sai ka ji maigida ya ce a fara shiri za a kai yara su ga duniya, kuma tunda bizar Turai ta zama abin da ta zama, mutane da yawa sun karkata gabas, Malesiya, Singafo, Tailan. Wuraren suna da daɗi gaskiya, amma tafiya da yara uku ko huɗu daban take da tafiyar ɗan kasuwa da ya saba shiga China da jaka ɗaya a kafaɗa. Yawancin wahalar da ake sha a can tun daga gida aka ɗauko ta, saboda an tsara komai da ƙarfin manya an manta da ƙafar autan gidan.

Mu fara da katin rigakafin shawara, wato yalo kad ɗin nan, don shi ne ya fi tsayar da mutane. Ƙasashen nan uku duk suna neman sa daga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Sai ka ga an je an yi ana gobe tafiya, ko kuma uwargida ta ɗauko katin asibiti na rigakafin yara ta ce ai an yi masa tun yana wata tara. E an yi masa, amma ba wannan katin ake tambaya ba, na ƙasa da ƙasa ake so wanda jami'an lafiya na filin jirgi suke bayarwa, kowane yaro da nasa, da sunansa daidai da na fasfo. A Singafo in babu shi za su iya killace mutum har kwana 6, hutun ya tashi kenan. Abin daɗin shi ne tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabuntawa.

Fasfo kuma a buɗe na kowane yaro a duba, ba na baba kaɗai ba. Ana so ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma na yara shekara 5 ne, yana ƙarewa ba a ankara ba. A duba rubutun suna ma, a fasfo Muhammad a tikiti Mohammed, wannan kaɗai ya isa ya sa ku tsayuwar awa guda a kanta yara na kuka. In uwa ce za ta tafi da yaran ita kaɗai ta riƙe takardar haihuwarsu da takardar amincewar uban, ko ba a tambaya ba dai tana jaka. Sannan akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka, MDAC na Malesiya, SG Arrival Card na Singafo, TDAC na Tailan da aka fara a watan Mayun 2025. Kyauta ne dukkansu, duk shafin da ya ce ka biya ba na gwamnati ba ne, kuma har jariri sai an sa shi.

Ga wani da ke kama mutane sosai. An samu bizar Malesiya ta shiga sau ɗaya, an kai yara wurin wasa na Legoland da ke jihar Johor, sai a ce ai ga Singafo can tsallaken gada bari mu leƙa wurin wasa na Universal Studios mu dawo da yamma. Malam, Singafo ƙasa ce daban, bizarta daban ga mai fasfon Najeriya, kuma ko kana da ita, da zarar an buga maka fita daga Malesiya waccan bizar ta mutu, kayanku na otal ku kuna waje. In ana son haɗa biyun to a tsara a shiga ta ɗaya a fita ta ɗayar, a tashi gida daga can. Shi kansa Legoland ɗin mutane na ɗauka yana bayan garin Kwalalamfa ne, wato babban birnin Malesiya da ake ce wa KL, alhali tafiyar awa huɗu ce a mota, ba wurin zuwa a dawo a yini ɗaya da yara ba ne, a kwana can.

Sai babban kuskuren, son ganin komai. Kwana goma ƙasa uku gari biyar, kullum ana haɗa akwati ana kwancewa. Tafiyar kanta ta Doha ko Adis Ababa ko Istanbul kusan yini guda cur ce in an haɗa da jira, sannan Malesiya da Singafo sun riga mu da awa 7, Tailan awa 6. Ƙarfe tara na dare a KL ƙarfe biyun rana ne a jikin yaron da ya taso daga Kano ko Maraɗi, ba zai yi barci ba ko me za a yi masa, sai wajen uku na dare, kuma takwas na safen da kuka sayi tikitin hawa bene a jikinsa ƙarfe ɗayan dare ne. Don haka kwana biyun farko kar a sayi tikitin komai da safe. A fito da su rana bayan azahar su sha haske, a hana dogon barcin yamma, a hankali jikin zai juya. Bayan nan ma wuri ɗaya babba a rana ya isa, a dawo masauki a huta lokacin da rana ta take, a sake fita da la'asar. Ni a ganina gari biyu a sati biyu ya fi ƙasa uku a guje, duk da na san hoton ƙasa uku ya fi kyau a sitatus.

Ku ɗauki tagwayen benen Petronas da ke KL misali, hawa 88, gadar da ta haɗa su tana hawa na 41 da 42, ana kai mutane har hawa na 86. Tikitin na lokaci ne kuma yana ƙarewa, wanda ya zo bakin ƙofa da rana yana nema sau da yawa sai dai ya ɗauki hoto a waje, a saya ta intanet tun da wuri. Amma yaro ɗan shekara huɗu minti biyar zai leƙa tagar ya ce a sauka. Abin da zai tuna shi ne lambun KLCC da ke ƙasan benen, akwai filin wasa babba da ɗan tafkin yara marar zurfi, duk kyauta, a sa kayan canji a jaka kawai. Aquaria, gidan kallon kifaye, ma na nan kusa in ruwa ya sauko.

Kogon Batu da ke kusa da KL kuwa matakala 272 ne, a tsaye, cikin zafi, keken turin yaro ba shi da amfani a nan, goyo ya fi, zanin goyonmu na gida ya fi duk wani abu da za a saya. A je da sassafe. Kuma birai, jama'a, biran nan ba sa tsoron kowa, yaro na riƙe da ledar biskit ko robar lemo sai dai ya ji an fizge, in ya ja da biri kuma a samu cizo ko yakushi. Duk abin ci a cusa shi cikin jaka a zuge tun a ƙasa, kar a ba su komai, in kuma tsautsayi ya sa an ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai a wuce asibiti ranar saboda cutar haukan kare, ba a jira a gani. Wurin ibadar 'yan Hindu ne, ana son a rufe gwiwa, sannan lokacin bikin Thaipusam a Janairu ko Fabrairu cinkoson ba na shiga da yara ba ne.

Lokacin tafiya ma ana kuskure. Tsibiran gabashin Malesiya irin su Redang da Perhentian yawancin masaukansu rufewa suke daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu saboda damina da igiyar ruwa. Tsibirin Fuket na Tailan kuma damunarsa daga Mayu zuwa Oktoba ce, daidai dogon hutunmu, in kun ga jar tuta a bakin teku ko ƙafa kar yaro ya sa, ruwan na ja ta ƙasa. Afrilu a Bankok, babban birnin Tailan, zafi ne na gaske ga gumi, kuma 13 zuwa 15 ga watan ake Songkran, bikin watsa ruwa, ba ruwansu da cewa Hajiya ta sha leshi, jiƙa ta za a yi.

Abinci. A Malesiya an huta, a nemi tambarin halal na JAKIM, ga gidajen abincin Musulmi 'yan asalin Indiya da ake ce wa mamak ko'ina, roti canai da shayi yara na so, kusan kowane babban kanti akwai surau wurin sallah. A Singafo tambarin MUIS ake dubawa, a Tailan na majalisar Musuluncin ƙasar. Kuskuren shi ne ganin an rubuta babu naman alade a jikin shago a ɗauka halal ne, ba lallai ba, yankan kazar ma tambaya ce, ga giyar girki. Sannan kar a ce ai yaranmu sun saba da yaji, attaruhun gida daban barkonon Tailan daban, a ce "mai phet" a Tailan, "tak mau pedas" a Malesiya, a ɗanɗana kafin a ba yaro. Wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi a kula sosai, miyar satay gyaɗa ce, pad thai ana barbaɗa masa, sambal, yajin Malesiya, kuma sau da yawa da niƙaƙƙen jatan lande ake yi. Ruwan famfo a Singafo ana sha, a Tailan na roba kawai. Kuma masauki mai kicin da injin wanki ya fi ɗaki biyu a otal, a dafa wa yaro taliya ko kunu ranar da ya ƙi komai, dama otal da yawa ba sa yarda mutum biyar a ɗaki ɗaya, sai an zo kanta da tsakar dare a ji.

Maganar guzuri, garin kunu da gari ba laifi, amma kilishi da dambun nama a bar su, shiga da nama akwai doka, Singafo musamman ba wasa. Magani kuma a riƙe shi a kwalinsa da takardar likita, duk wani mai kodin ko tiramadol kar ya shiga jaka haka kawai. Sai saƙo. Mun saba, wani zai kawo ƙunshi ya ce don Allah ka miƙa wa ƙanena ɗalibi a KL. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kar ka ɗauka, ko waye ya ba ka, safarar ƙwaya a Singafo hukuncinta kisa ne, Malesiya ma dokar na da tsanani ƙwarai, kuma jin kunya ba hujja ba ce a gaban alƙali.

A titi, ƙasashen nan uku duk a hagu suke tuƙi, mu kuma dama, wato motar za ta fito ta inda yaro bai saba dubawa ba, a koya musu duba dama da farko kuma a riƙe hannu, ga babura a Bankok har kan dakalin masu tafiya a ƙasa. A sauke Grab, manhajar kiran mota, a waya tun kafin a tashi. A Singafo motar Grab ta yau da kullum ba za ta ɗauki yaron da bai kai mita 1.35 ba sai da kujerar yara, direba zai soke ya tafi, a zaɓi GrabFamily ko a hau tasi, ita doka ta ɗage mata. Cikin jirgin ƙasa na MRT kuma ba a ci ba a sha, har ruwa, tara na kai dalar Singafo 500, to a ba yaro abinsa kafin a shiga tasha. A Bankok in wani mai fara'a ya tare ku kusa da fadar sarki ya ce yau a rufe take amma ga tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, zai zagaya da ku da arha, ku wuce abinku zuwa ƙofa, shagon gwal da na tela zai kai ku.

Ƙananan jirage masu arha irin AirAsia kilo 7 na hannu kawai ke cikin kuɗin tikiti, akwati sai an saya daban kuma a kanta ya fi tsada nesa ba kusa ba, iyali mai akwati shida sai arhar ta koma tsada. A duba tasha ma, a KL suna tashi daga Terminal 2 ne, a Bankok filin jirgi biyu ne, Suvarnabhumi da Don Mueang, tsakaninsu tafiya ce. Kuɗi kuma kar a dogara da katin naira shi kaɗai, a tambayi banki iyakarsa kafin a tafi, a riƙe dala sababbi 'yan ɗari-ɗari don masu canji na ƙin tsofaffi da masu yagewa, na'urar cire kuɗi a Tailan kuma tana cin sama da baht 200 duk cirewa ɗaya, gara a cire da yawa lokaci guda. Soket ɗin Malesiya da Singafo irin na Najeriya ne mai baki uku, na Tailan ne sai da adafta, 'yan Nijar kuma su nemi adafta tun farko.

Kowane yaro a sa masa katin otal da lambar wayar da ke aiki a can cikin aljihu, kuma duk safiya a ɗauke shi hoto da kayan da ya sa, in ya ɓace a kasuwar dare abin da mai gadi zai fara tambaya kenan. Wani wurin za a so ɗaukar hoto da yaranku ko taɓa kitson yarinya, yawanci sha'awa ce kawai, amma ku gaya mata tana da damar ta ce a'a.

Sauro kuma mun iya na dare, mun san gidan sauro, amma mai kawo zazzaɓin dengue da rana yake cizo, musamman safe da yamma, kuma yana nan a dukkan ƙasashen har cikin birni. Man korar sauro a shafa kafin a fita lambu ko gidan namun daji. In zazzaɓi ya kama yaro farasitamol kaɗai za a ba shi, ban da asfirin ban da ibuprofen don suna iya jawo zubar jini, a kai shi asibiti, shi ya sa inshorar tafiya ba asarar kuɗi ba ce, asibitin kuɗi a Singafo ba dama. Kuma ciwon na iya fitowa har sati biyu bayan cizon, wato kun riga kun dawo gida, inda duk zazzaɓi maleriya ne a wurinmu. In haka ta faru kar a tsaya kemis, a je asibiti a gaya wa likita ƙasar da aka je da ranar da aka dawo, a nemi gwajin jini.