Kurakuran da sabbin zuwa Amurka ke yi da ciyawa mai ganye uku

Duk bazara sai wani sabon zuwa ya kira ni, hannu ya yi bororo, yana tambaya ko jifa aka yi masa. Ba jifa ba ne, ɗan'uwa, foizin aibi (poison ivy) ka taɓa, wata ciyawa mai ganye uku da ke sa ƙuraje. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya.

Babban kuskure shi ne jiran ƙaiƙayi. Mun saba da karara, wadda kana goga jiki take sanar da kai. Wannan muguwa ba ta yin haka. Wani maiƙo ne a jikinta, urushiyol, yana ganye, yana kara, yana saiwa, kuma sai bayan awa 12 zuwa 72 ƙurajen ke fitowa. Kafin nan ka shafa shi ko'ina.

Ni a hunturu ta kama ni, a bayan wani gida a jihar Merilan. Na ga wata igiya mai gashi-gashi ta nannaɗe bishiya, ba ganye ko ɗaya, na sa hannu na fizge ta. Azahar ta yi, na yi alwala da ruwan gora: fuska, kunne, har wuya na shafa don in ji sanyi. Kwana biyu bayan nan idona ya kumbura ya rufe ruf, kunnuwa kamar ƙosai. Mako uku ban fita aiki ba, kuɗin haya sai rance. Ruwa zalla ba ya fitar da maiƙon nan, ku ɗauke shi kamar baƙin man inji. Yanzu sabulun wanke-wanke da tsumma ba sa barin motata. Da na yi zargi, cikin rabin awa nake dirjewa da ruwan sanyi sau uku, har ƙarƙashin farce, sannan in yi alwala. Wasu na sayen magunguna masu tsada. Ni sabulun ya ishe ni.

Na biyu kuwa, don Allah ku daina cinna wa sharar ciyawar nan wuta! Nan ba sharar gona ba ce. Maiƙon yana bin hayaƙi ya shiga maƙogwaro da huhu, kuma wannan ba zancen shafa man ƙaiƙayi na kalamin ba ne, zancen asibiti ne cikin gaggawa. Na taɓa ƙwace ashana a hannun wani yaro da ya tara ta tuli guda, yana ce min shi fatarsa ta ƙauye ce. Wace fata? Ko jiya ba ta kama ka ba, yawan taɓawa ne ke koya wa jiki ƙinta. A zuba a leda, a ɗaure baki.

Wajen ganewa, kada ka dogara da ƙyalli ko launi: kore ce da bazara, ja da kaka. Ƙirga ganye. Uku ne a tsinke ɗaya, na tsakiya ya fi dogon wuya. Mai ganye biyar da ke hawa katanga wata ce daban. Tana da 'yan'uwa masu irin maiƙon nan: foizin ok ma uku ne, bakin ganyen a lanƙwashe, ya fi yawa a Kalifoniya. Foizin sumak ganye 7 zuwa 13 ne, a fadama yake zama, 'ya'yansa farare suna reto. Sumak mai jajayen 'ya'ya a tsaye kuwa ba ya cutarwa.

Ruwan bororon ba ya yaɗa ciwon, ku bar gudun mutum. Safar hannu, igiyar takalmi da ƙotar almakashi su ne ke sake kama ka, don maiƙon na iya shekara a kansu. Idan fuska ce ko gaba, a ga likita.

Abin da ya fi min ciwo: ciyawar nan dangin mangwaro da yazawa ce. Tun waccan shekarar, in na ɓare mangwaro da haƙori sai leɓena ya tashi. Uwargida ke fere min, tana dariya.