Babi na 7: Tufafin Zuwa Aiki da Yadda Ake Rubuta Kuɗinsu

Wannan babi na matan da ke fita neman na kansu kullum ne a nan Yamai: mai sharar biro, mai sayar da abinci a bakin tasha, mai aikin gida, mai tebur a Katako ko Wadata. Ki tanadi littafin rubutunki da bik, ki zauna inda yara ba za su dame ki ba. Idan wani layi ya yi miki wuya, ki sake karanta shi a hankali da ƙarfi, domin ba wanda yake jarraba ki.

Darasi na 1: Ki fara sanin abin da kike da shi

Kafin ki taka kasuwa, ki fito da duk tufafinki daga akwati da jaka da ƙarƙashin katifa, ki zube su a kan tabarma. Ki raba su kashi uku: waɗanda za ki iya sawa ki tafi aiki gobe da safe, waɗanda sai biki ko suna ko Sallah, da waɗanda suke bukatar allura da zare ko sabon zif.

Yanzu ki buɗe sabon shafi. Ki ja layi biyu daga saman shafin zuwa ƙasansa, za ki ga shafin ya rabu gida uku. A saman gida na farko, wato na hannun hagu, ki rubuta AIKI. A na tsakiya ki rubuta BIKI. A na hannun dama ki rubuta GYARA. Muna farawa daga hagu ne domin haka ake karatun boko, ba kamar na allo ba da ake farawa daga dama. Duk rigar da kika ɗaga, ki rubuta "riga" a gidan da ya dace da ita, haka ma zane da ɗankwali da hijabi. Wadda hannunta bai saba ba tukuna tana iya jan ɗan gajeren layi a madadin kalmar, layi ɗaya na tufa ɗaya, kuma wannan ma rubutu ne, kada ta ji kunya.

Mata da yawa a ajinmu sun yi mamaki da suka ƙirga, domin gidan BIKI ya cika har ya zubo, gidan AIKI kuwa kala biyu ne kawai, su ma sun koɗe. A ganina mace mai fita kwana shida a mako tana bukatar kala huɗu na aiki, da hijabi ko mayafi biyu marasa zane-zane waɗanda za su shiga da kowace atamfa, kamar baƙi da ruwan toka ko ruwan ƙasa. Dalilin kala huɗu shi ne zafin garinmu: daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, rigar da aka wuni da ita ba ta sawuwa washegari, dole a samu ta canji kafin wadda aka wanke ta bushe. Kafin ki sayi komai, ki fara da gidan GYARA, domin zif ɗaya da ɗan faci sukan mayar miki da riga guda cikin gidan AIKI da kuɗi kaɗan.

Darasi na 2: Abin da baki ke faɗa da abin da hannu ke rubutawa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne kusan kowa take tuntuɓe, har da waɗanda suka fi ni iya lissafi da ka a kasuwa. Mu da baki muna ƙirga kuɗi da dala, amma takarda tana ƙirga su da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Saboda haka duk lokacin da kika ji an ce dala kaza, lambar da za ki rubuta ta ninka wadda kika ji sau biyar.

Ki ɗauko kuɗi a hannunki ki duba da idonki. Ƙwandalar da muke kira dala ashirin, ki juya ta: 100 aka rubuta a kanta, ba 20 ba. Takardar da muke kira dala ɗari, 500 ne a jikinta. Takardar jika ɗaya, wadda ita ce dala ɗari biyu, 1000 ne a jikinta. Ki kwafe waɗannan a shafin ƙarshe na littafinki, inda za ki riƙa samunsu da sauri:

dala goma = 50
dala ashirin = 100
dala hamsin = 250
dala ɗari = 500
jika ɗaya = 1.000
jika ɗaya da rabi = 1.500

Layuka biyun nan ƙanana da ke kwance a tsakiya suna nufin "daidai yake da". Ɗigon da kike gani bayan 1 ba kuskure ba ne, yana raba jika da abin da ke bayanta ne don ido ya huta, kuma wasu sukan bar ɗan fili a madadinsa. Idan kika ga harafin F bayan lamba a kan rasit, sefa ake nufi.

Jika ba ta da wahala: ki rubuta yawan jikar, sannan ki bi ta da sifiri uku. Jika huɗu 4.000, jika goma 10.000. Wahalar tana zuwa ne idan jika ta haɗu da dala. Mu ce mai atamfa ya ce miki, "Hajiya, ki ba da jika huɗu da dala ɗari." Na tsaya a bayan ɗalibai ina kallon bik ɗinsu, mace ta rubuta 4 da kyau, ta ɗiga ɗigo, sai ta ɗan dakata, sannan ta rubuta 100. Ga shi 4.100 ya fito, alhali abin da za ta ciro daga bakin zanenta 4.500 ne. Kunnenta ya ji "ɗari", hannunta ya bi kunnen. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, sabo ne na shekaru, kuma sabo yana gyaruwa.

Mu sake. Dala ɗari, me za ki rubuta? 500. Ki faɗa da bakinki kafin ki rubuta: "Dala ɗari, biyar da sifiri biyu." Jika biyu da dala ɗari, 2.500. Jika uku da dala hamsin, 3.250. Jika shida da dala ashirin, 6.100. Kin ga a wannan na ƙarshe 100 ta fito, amma ta fito ne domin an ce dala ashirin, ba domin an ce ɗari ba. Idan kin yi shakka, kada ki yi ta zato: ki fito da kuɗin, ki dubi lambar da ke jikinsa, ki kwafe ta. Kuɗin da ke hannunki ba ya yi miki ƙarya.

Ki rufe amsoshin da tafin hannunki ki gwada waɗannan ke kaɗai: dala ɗari uku, jika biyar da rabi, jika ɗaya da dala hamsin, jika bakwai da dala ɗari. Amsoshin su ne 1.500, da 5.500, da 1.250, da 7.500. Wadda ta ci biyu ta yi ƙoƙari, ta sake gobe. Wadda ta ci duka huɗu ita ma ta sake gobe, domin a cikin hayaniyar kasuwa ne ake mantawa.

Yanzu ga amfaninsa. Kuɗin kala ɗaya ba kuɗin atamfa kaɗai ba ne. Ki rubuta su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sifiri a ƙarƙashin sifiri. Lambobin nan misali ne na koyo, farashin gaskiya sai kin tambaya a ranar:

atamfa 6.000
ɗinki 2.500
zif da shafi 500
kuɗin mota 500

Jimla 9.500, wato jika tara da dala ɗari. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu tun 2024 jika 42 ne, kuma da yawa daga cikinku ba su ma kai nan ba, don haka kala ɗaya irin wannan ta kusa cinye kashi ɗaya cikin huɗu na wata. Shi ya sa ba a sayen kala huɗu a wata ɗaya. Ana sayen ɗaya, a bar wata biyu ko uku, a sayi ta biyu. Wadda ta rubuta 100 a gurbin 500 sau biyu a wannan lissafi ta ɓatar da sefa 800 a takarda, kuma a ƙarshen wata kuɗin cefane ne zai biya su.

Darasi na 3: A rumfar mai atamfa

Turmin atamfa yadi shida ne, wato zane uku, yana isa riga da zane da ɗankwali. Ki tambayi farashi a rumfa uku kafin ki saya, ko a Babbar Kasuwa ko a Wadata, kuma ki rubuta kowane farashi nan take a gaban mai kayan. Ba rashin kunya ba ne. Ki ce, "Alhaji, ka yi haƙuri in rubuta," sannan ki tuna: in ya ce dala, ki ninka sau biyar.

Ki juya atamfar ki dubi bayanta. Mai kyau, launinta ya ratsa har baya, gaba da baya kusan ɗaya suke, wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne. Ki murza gefenta tsakanin yatsunki. Idan sitaci ne ya ba ta ƙarfi za ki ji ta saki, kuma bayan wanki ɗaya za ta zama shara-shara. Ki nemi ta auduga, domin mai roba tana riƙe zufa, kuma ga mai aiki kusa da murhu tana da haɗari, tana narkewa ta manne a fata. 'Yar Holan ta kamfanin Vlisco tana da kyau da ƙarko, ba mai musu, amma ba ita ce ta zuwa aiki ba ga mai ƙaramin ƙarfi. An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne idan aka sayi ta can ƙasa, sai dai tsakanin ta can ƙasa da 'yar Holan akwai matsakaiciya, ita nake so ki nema. Ki zaɓi launi mai ɗan duhu da ƙananan zane, wanda ƙurar hunturu da ɗigon miya ba sa saurin nunawa a kansa.

Kayan bosho ma hanya ce, musamman rigar sanyi ta watan Disamba da Janairu da dogon siket. Ki ɗaga tufar sama ga hasken rana ki duba hammata da wuya da zif, kuma kada ki sa sai kin wanke kin goge.

Darasi na 4: Tela, anko da bashi

Ki jiƙa atamfar ki shanya kafin ki kai wa tela, domin auduga takan ɗan tsuke a wankin farko. Ki ce masa, "Malam, ɗinkin aiki nake so: hannu kada ya yi faɗi, ka sa mini aljihu, ka bar rara a ciki ko zan buɗa daga baya." Ki rubuta abu uku a gabansa: kuɗin ɗinki, kafin alƙalamin da kika bayar, da ranar karɓa. In ya ce jika biyu da dala ɗari, 2.500 ne. Kada ki kai ɗinkin aiki ana saura mako biyu Sallah.

A nan dole in yi magana da babbar murya, domin na gaji da ganin abu ɗaya. Mace za ta zauna ta yi lissafinta tsaf, ta ware jika tara na kayan aiki, sai a aiko mata da ankon bikin 'yar maƙwabciyar ƙawarta, kafin la'asar kuɗin sun tafi. Ga zanen 8 ga Maris na ranar mata ta duniya, ga na 13 ga Mayu na ranar matan Nijar, ga anko uku kafin azumi. Ranar 13 ga Mayu rana ce mai daraja, tunawa ce da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su wuri a shirin babban taron ƙasa, amma ba a ce sai da sabon zane kowace shekara ake girmama ta ba. In kin ga ba makawa sai kin yi anko, ki ɗinka shi yadda zai koma gidan AIKI bayan biki, ba da duwatsu da jela mai jan ƙasa ba. Haka kuma atamfar bashi da dillaliya ke kawowa har ɗaki: da yawanku kuna karɓa ba ku rubuta komai ba, sai a zo karɓar kuɗi ku fara musu. Na koya muku rubutu, me ya hana ku rubutawa? Wadda ba za ta iya tara kuɗi ita kaɗai ba ta shiga adashe ko asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991, ta ɗauki kwasarta ta saya da kuɗi hannu.

Darasi na 5: Wanki

Ki wanke atamfa da ruwan sanyi da sabulun sanda, kada ki bar ta ta kwana a ruwa. Ki juya ta ciki waje, ki shanya a inuwa, domin rana ce take cinye launi. Sabuwa a wanke ta ita kaɗai. Ki cire kayan aiki da zarar kin dawo gida, ki sa na zaman gida kafin ki hura wuta.

Darasi na 6: Takalmi da jaka

Takalmi ɗaya mara tsini mai ƙarfin ƙasa, da silifas na roba saboda damina. Jaka ɗaya mai zif wadda littafinki zai shiga.

Aikin gida: ki tambayo farashin atamfa a rumfa uku da kuɗin ɗinki wurin tela biyu, ki rubuta su da sefa, ki kawo littafin ranar darasi mai zuwa.