Babi na 6: Ƙarfen Dafawa a Banɗaki

Darasi na 1: Inda ake faɗuwa

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗora yatsa a layin farko. Za mu bi a hankali, babu mai korar mu.

Ruwa da sabulu a kan siminti ko tayil suna kayar da mai ƙarfi ma, balle tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko mace mai tsohon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. A gidan da ke da bahon wanka irin wanda ake shiga ciki, wurin tsallaka bakinsa ake zamewa. Mu masu bokiti da buta, wurin miƙewa daga tsugunne ne. Ƙarfe ɗaya a bango, wanda hannu zai kama, yana rage wannan hatsari. Ƙarfen rataya tawul da kan famfo ba a yi su don ɗaukar nauyin mutum ba. Kada Baba ya dafa su.

Darasi na 2: Awo

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ku jawo tef ɗin awo. Layin lamba biyu ne a jikinsa. A layi ɗaya lambobin suna nesa da juna: wannan inci ne. A ɗaya layin sun matsu kusa da kusa: wannan santimita ne. Namu shi ne na matsattsun lambobi. Ku faɗa da baki: matsattsun lambobi. Madalla.

Ku sa bakin tef a ƙasa, a daɓen banɗakin, ku ja shi sama a jikin bango har ku ga 85. Takwas a hagu, biyar a dama. Idan biyar ce a hagu, 58 ke nan, kun yi ƙasa da yawa. Ku sake dubawa: takwas tukuna, sannan biyar. Ku ja layi da alli ko gawayi.

Yanzu ku tsaya ku tambayi kanku, a wane layi na karanta? Wanda ya bi layin inci ya nemi 85, alamarsa za ta wuce saman ƙofa. Idan ka ga kana neman kujerar takawa, ka ɓata, koma ƙasa. Ba abin kunya ba ne, da haka kowa ya iya. Mai tef ɗin tela ya juya fuskar da ta kai 150, ita ce tamu.

Ka'idar gini ta Amurka ta ajiye ƙarfen kwance tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa, shi ya sa muka ɗauki 85. Amma tsayin mutane ya bambanta. Ku kawo Baba ko Inna, a busasshen daɓe, ku riƙe su, su nuna inda hannunsu ke kai wa. A masan tsugunno alamar takan sauko ƙasa, kuma ƙarfen tsaye ya fi taimakon mai miƙewa.

Har yanzu ina ganin masu auna wa daga bakin bokiti, da masu cewa ido ya isa. Haba jama'a! Tsohonka ne zai rataya ransa a wurin nan. Daga daɓe, matsattsun lambobi, takwas da biyar. A sake.

Darasi na 3: Ƙarfe da bango

Ku nemi ƙarfe mara tsatsa, ko mai walda ya lanƙwasa muku bututun ruwa na ƙarfe. Kaurinsa santimita 3 zuwa 4, yadda yatsu za su zagaye shi. A bar kusan santimita 4 tsakaninsa da bango. Irin mai roba da ake manna wa tayil yana iya sakewa, ban yarda da shi ba.

Ku ƙwanƙwasa bangon. Bulo yana da rami a ciki, ƙusa ba ta kamawa a rami. Birkila ya fasa wurin, ya cika da siminti, a bar shi ya bushe sosai. Katangar ƙasa ba ta riƙe ƙarfe: a kafa shi a daɓe da kankare.

Darasi na 4: Gwaji

Babban mutum mai lafiya ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya ja da duk nauyinsa. In ya motsa ko kaɗan, a kira birkila ya sake.

Darasi na 5: Sauran kaya

Kujerar roba mai ƙarfi don wanka a zaune, tabarmar roba a ƙasa, da fitila da dare.

Aikin gida: kowa ya auna bangon banɗakinsa, ya rubuta lambar a littafi, ya zo da tef ɗinsa.