Yadda Za Ka Gano Ra'ayin Marubuci a Jarrabawar JAMB

Cikin tambayoyi 60 na takardar Turanci, wadda ke yawan kayar da ɗalibai ita ce: ina marubucin ya dosa?

Fara karanta tambayar kafin nassin, wato rubutun da aka ciro tambayar daga cikinsa, don ka san abin da kake farauta.

Sannan ka ajiye naka ra'ayin gefe. Ko marubucin ya ce noman rani asara ne, kai kuwa ka san ba haka ba ne, nasa ake tambaya.

Na uku, nan aikin yake: bi sawun kalmomin da ke juya zance, irin su "but" da "however". Marubuci kan kawo maganar wasu kamar ya yarda, sai ya juyo ya rushe ta. Abin da ya biyo bayan juyin, shi ne nasa. Lura da kalmomin da ya zaɓa ma. Wanda ya kira shiri almubazzaranci ai ba ya goyon bayansa.

Daga nan, cikin amsoshin da aka jera maka, watsar da zaɓin da ya fi nassin zafi, galibi mai ɗauke da "always" ko "never". Sauran kuwa, gwada su da sakin layi na ƙarshe. Kada ka daɗe, minti 120 ne kacal ga tambayoyi 180 na jarrabawar baki ɗaya.