Kansar ciki a jikin matashi da a jikin tsoho: yadda za ka bi da mara lafiyarka gwargwadon shekarunsa

Mutum biyu na yi jinya a danginmu da wannan ciwon, tsakaninsu shekara uku. Ta farko ƙanwar matata ce, shekararta 34, tana aure a Rigasa da yara uku. Na biyun Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ɗan shekara 72 a Tudun Wada. A takardar likita sunan ciwon ɗaya ne, kansar ciki, wato ta tumbi inda abinci ke fara sauka, amma yadda ta zo musu da yadda muka yi sake da kowannensu ya sha bamban. Ita muka ce ai yarinya ce, olsa ce kawai. Shi kuma muka ce ai tsufa ne, dama tsoho ba ya cin abinci da yawa. Duk biyun shekaru ne suka rufe mana ido, shi ya sa nake so in rubuta abin da na koya a bakin likitoci da kuma zaman benci a asibiti, ko Allah zai sa wani ya yi saurin da mu ba mu yi ba.

Fara da sanin cewa gaskiya ne ciwon ya fi kama manya. A Amurka matsakaicin shekarun da ake gano shi wajen 68 ne, kusan shida cikin goma na masu shi sun kai 65 ko sun wuce, kuma maza sun kusa ninka mata. Toh amma "ya fi kama manya" ba yana nufin ba ya kama matasa ba ne, kuma in ya kama matashi sau da yawa wata kama yake zuwa da ita daban.

Tun 1965 wani likita ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauren ya raba kansar ciki gida biyu. Akwai wadda take taruwa wuri ɗaya ta yi ƙari ko gyambo da ido zai iya gani, ita ce ta fi yawa a tsofaffi, kuma a hankali take ginuwa, shekara da shekaru bangon ciki yana kumburi yana siriricewa yana canza kama kafin ya rikiɗe, galibi saboda ƙwayar cutar nan H. pylori da mutum ke ɗauka tun yana yaro, ga gishiri mai yawa ga taba sigari suna ƙara mata ƙarfi. Sai ɗayar wadda ba ta taruwa, ita bazuwa take yi a cikin naman bangon cikin kamar yadda ruwa ke bin katangar ƙasa da damina, daga waje ka ga katanga lafiya lau alhali ciki ya jiƙe. Wannan ita ta fi yawa a 'yan ƙasa da shekara 40 zuwa 45, kuma a wannan rukunin mata ba a bar su a baya ba, suna kai maza yawa ko ma su ɗara. In ta yi nisa tumbin yakan yi tauri kamar busasshiyar salka ya daina buɗewa, shi ya sa mutum zai yi loma uku ya ce ya ƙoshi. Ta fi son bazuwa cikin rigar da ta lulluɓe hanji, ciki ya tara ruwa, a mace kuma tana iya sauka a ƙwan haihuwa har a zaci matsalar ta mahaifa ce.

Saboda haka in mara lafiyarka matashi ne, aikinka na farko shine kar ka yarda kalmar "olsa" ta rufe magana. Mu wata bakwai muna sayen omeprazole da farin maganin nan na ruwa a wani kemis na unguwa, ta sha ta ji sauƙi kwana biyu ciwo ya dawo, a ce yaji ne, a ce azumi ne, a ce tunani ne. Na tuna ranar da matata ta riƙe hannunta ta ga awarwaron da a da sai da sabulu yake fita yanzu yana zamewa har gwiwar hannu, ta ce mata "ke wai ba kya ganin yadda kika koma?" ita kuma ta yi murmushi ta ce "Yaya ai shayarwa ce." Maganin olsa yana iya kwantar da zafin kansa na ɗan lokaci, wannan shine haɗarinsa, jin sauƙi ba shaida ba ce cewa babu komai.

Ga abin da in ka gani ba ka jira, ko shekarar mutum 25 ne: rama ba tare da dalili ba, ƙoshi da wuri, amai da ya ƙi tsayawa, amai da jini ko mai kama da garin kofi, bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta, abinci yana tsayawa a ƙirji, jini yana ta yin ƙasa ana ƙarawa yana komawa, ko ƙullutu a ciki ko a saman ƙashin wuya ta hagu. Ko da babu ɗaya daga cikinsu, in an sha maganin olsa yadda likita ya rubuta na wata ɗaya zuwa biyu ciwo bai tafi ba ko ya dawo, a koma asibiti, ba kemis ba. Mace mai juna biyu kuma a lura sosai, aman da ya wuce watannin laulayi ga rama a kai, kar a ce duk na cikin ne.

In ka je asibiti ka buɗe baki ka tambaya, "Likita, ba za a yi mata endoskofi ba?" Wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a leƙa cikin tumbin, a ɗan tsinko nama a kai ɗakin gwaji. Ana zuwa ne ba a ci komai ba na aƙalla awa shida, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a yi allurar da za ta sa mutum gyangyaɗi, aikin kansa mintuna ne. Ina jaddada wannan don a Kaduna da an ce ciwon ciki sai a ruga sikanin, wanda ake shafa mai a goga a fata, a ba ka takarda a ce komai lafiya ka koma gida da murna. Wannan sikanin ba ya iya wanke tumbi daga zargin kansa. Ka nemi a tura ka wurin likitan ciki ko na tiyata a babban asibiti irin Barau Dikko a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, su za su nuna maka inda za a yi. Kuma ga matashi musamman, in sakamakon naman ya fito babu komai amma alamomi suna nan suna ƙaruwa, ka koma ka faɗa, domin irin mai bazuwar nan tana iya ɓuya a ƙarƙashin fatar ciki a tsinko sama ba a same ta ba, sai an sake ko an haɗa da siti sikan, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka mutum na kwance a cikin na'ura.

Sannan ku zauna da manyan gida ku tono tarihi. Wa da wa suka rasu da ciwon ciki a dangi, suna da shekara nawa? Mu ba mu saba wannan tambayar ba, sai dai a ce wane ya yi ta rama har Allah ya karɓi abinsa, ko a ce sammu ne. Kusan ɗaya cikin goma na masu kansar ciki akwai wani nasu da ya yi, wadda kuma ake gada kai tsaye ta jini ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba, amma ita ce mai kama mutane da ƙuruciya, galibi kafin 40. A 1998 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, CDH1, a wani dangin Maori na ƙasar Niyu Zilan da suka yi ta rasa matasansu. In an samu biyu a gida ɗaya, ko ɗaya mai ƙananan shekaru, likita yana bukatar ya ji.

Yanzu in dattijo ne. Shi matsalarsa ba wai ba a zargin ciwon ba ne, mu 'yan gida ne muke yanke hukunci tun kafin likita ya yi magana. Kawu ya bar cin tuwon dare, yana hawa matakalar masallaci yana haki, tafin hannunsa ya yi fari fat, duk muka ce girma ne. Ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya haura 55 ko 60 ya fara ciwon ciki sabo fil wanda bai saba yi ba, ko jininsa ya yi ƙasa ba a san dalili ba, endoskofi ya kamata a yi tun farko, ba a fara gwada magani ana jira ba. Ka kuma duba ledar magungunansa, yawancin iyayenmu suna shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, wasu kuma asfirin, waɗannan suna iya sa ciki zubar jini da kansu, sai a ɗora musu laifin gaba ɗaya a manta da leƙawa.

Da aka ce tiyata, a tsakar gida aka yi taron dangi, babban ɗansa ya ce "Baba ba zai iya ba, a bar shi ya huta." Kawu da kansa ya ɗago ya ce "ku bari in ji daga bakin likitan tukuna." Abin da likitan ya tambaya ba shekaru ba ne. Yana zuwa masallaci da ƙafarsa? Yana wanka da kansa? Yaya zuciya, yaya ƙoda, akwai suga ko hawan jini, kilo nawa ya zubar? Ɗan 75 mai kai kansa kasuwa ya fi ɗan 60 da ke kwance ƙarfin ɗaukar aiki. Toh ka je da amsoshin nan a shirye, ka tafi da duk magungunansa har na gargajiya, kuma kafin ranar aiki ku dage da ciyar da shi, ƙwai, madara, wake, kifi, kunun gyaɗa, kaɗan kaɗan sau da yawa, a riƙa ɗan zagawa da shi. Gaskiya ne tsoho ya fi fuskantar matsala bayan tiyata, ciwon huhu, rikicewar tunani, jinkirin warkewa, wannan a faɗa muku ƙarara ku auna. Kemo ma, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ana iya rage masa ƙarfi, a Birtaniya an yi wani bincike mai suna GO2 a kan tsofaffi da masu rauni da ciwonsu ya yi nisa, aka ga rage yawan maganin bai sa ciwon ya fi saurin ci gaba ba, wahalar kuma ta ragu. Ka tambayi likita ko hakan ya dace da naka.

Maganar rayuwa kuwa, wadda kowa ke tsoron tambaya, abin da ya fi komai nauyi shine matakin da aka kama ciwon. A alƙaluman Amurka, in bai fita daga tumbi ba kusan 75 cikin 100 suna kai shekara biyar, in ya shiga kaluluwar da ke kusa wajen 35, in ya yi nisa zuwa hanta ko wani wuri ƙasa da 10. A Koriya ta Kudu da ake kiran duk wanda ya kai 40 gwaji duk shekara biyu, sama da 60 cikin 100 ke kai shekara biyar, don da wuri suke kamawa. In ka jera matashi da tsoho a mataki ɗaya, matashin yakan yi daidai ko ya fi, tunda jikinsa na ɗaukar tiyata da kemo mai ƙarfi. Abin da ke cin matasa shine irin kansar da kuma zuwa a makare. Ƙanwar matata da aka leƙa ta riga ta bazu, ba ta cika shekara ba bayan nan, Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari. Kawu nasa yana ƙasan tumbi bai yi nisa ba, aka yanke wani sashe, yana nan.

Don haka da sakamako ya fito ka riƙe biro ka tambaya: wane iri ne, mataki na nawa, manufar maganin warkarwa ce ko sassautawa, za a yi kemo kafin tiyata ko bayanta, akwai bukatar gwajin HER2, wanda ake yi wa naman da aka tsinko don a san ko wani magani na musamman zai yi aiki? In matashi ne ko matashiya mai son haihuwa nan gaba a yi maganar tun kafin a fara kemo. In kuna da inshorar lafiya ta KADCHMA ko NHIA ku tambayi abin da take ɗauka tun kafin ku fara sayar da kaya. Ko da an ce ba za a warke ba, akwai maganin zafi, akwai na amai, akwai dabarun buɗe wa abinci hanya, kar a dawo gida a zauna haka nan.

Ku da kuke gida ɗaya da mara lafiyan, musamman 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini, ku yi gwajin H. pylori. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta saka ta cikin abubuwan da tabbas suna jawo kansa, kuma tana da magani. Na bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, don na jini yana iya nuna tsohuwar cutar da ta riga ta tafi. A tsayar da omeprazole sati biyu kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sati huɗu. In an samu, yawanci haɗin magani ne na kwana 14, a shanye shi duka ko da baki ya yi ɗaci, bayan aƙalla sati huɗu a sake gwaji a tabbatar ta mutu.

Bayan tiyata kuma cin abinci sai an sake koyo. Sau shida a rana a ɗan kwano, a tauna sosai, kar a kora da ruwa da yawa lokacin ci, sai an ɗan jima. A yi hankali da zaƙi, ranar farko da aka ba Kawu kunu da suga cokali uku gumi ya karyo masa, jiri ya ɗebe shi sai da muka kwantar da shi a tabarma, ashe abin ne ke zubawa hanji da sauri. Wanda aka cire wa tumbin gaba ɗaya zai riƙa karɓar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, galibi ta allura, wanda aka yanke wa sashe ma a riƙa duba jininsa. Azumi kuwa kar ya yanke wa kansa, a tambayi likita sannan a kai wa malam abin da likitan ya ce. Kawu shekarar farko ciyarwa ya yi, kullum da yamma jikarsa ke kai kwanon abincin masallacin layinsu.