Yadda Ake Sauya wa Shafuka Wuri a Doguwar Takarda Cikin Microsoft Word

Duk wanda ya taɓa zama a shagunan buga takardu na titin Bauchi a Jos, a lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na jami'a ke rige-rigen miƙa kundin kammala digiri, ya san wannan tambayar: "Malam, ta yaya zan ɗauke shafi na 34 in mayar da shi bayan na 19?" Malamin da ke duba aikin ya ja jan biro ya ce bayanin nan ba a babi na uku ya dace ba, na babi na biyu ne, ga kundin ya haura shafi tamanin, ga lokaci ya ƙure.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, a Microsoft Word shafi ba wani abu ba ne da za ka kama ka ja, kamar yadda ake yi a PowerPoint. Rubutun tafiya yake kamar ruwa a lambatu: in wuri ya cika sai ya malala zuwa na gaba. Ƙara layi biyu a shafi na 5, sai ka ga na 34 ya motsa. Saboda haka abin da ake ɗagawa rubutu ne, kuma hanya mafi tsafta ita ce a ɗaga shi ta kanunsa.

Kafin ka taɓa komai, danna F12 ka ajiye kwafi na biyu da wani suna, misali ka ƙara kwanan wata a ƙarshen sunan. A kan sabon za ka yi aiki. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka da mannawa, tsohon yana nan lafiya.

Mataki na ɗaya: ka sanar da Word kanun aikinka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa. Ɗalibi zai rubuta BABI NA BIYU da manyan baƙaƙe, ya kaurara shi, ya kai shi tsakiya, a ganinsa ya yi kanu. A ido kanu ne, amma a wurin Word layi ne kamar kowane layi. Sai ka ɗora masa salon da ake kira Heading kafin manhajar ta san matsayinsa.

Sa alamar rubutu a kan layin sunan babin, ka danna Ctrl da Alt da 1 tare. Ya zama Heading 1. Ƙananan kanu irin su "2.1 Bitar Ayyukan da Suka Gabata" ka ba su Ctrl da Alt da 2, na ƙarƙashinsu kuma 3. Bi kundin daga farko har ƙarshe haka, har da Sadaukarwa da Godiya da Tsakure da Manazarta da Rataye.

Da ka danna na farko za ka ga rubutun ya canza launi da siffa, ya bar yadda sashenku ya ce a yi. Kada ka tsorata ka fasa. Gyara wannan kanun guda ɗaya ya koma yadda ake so, ko Times New Roman ne mai girman 12, baƙi, a tsakiya. Sannan ka je jerin Styles a ƙarƙashin Home, ka danna dama a kan Heading 1, ka zaɓi Update Heading 1 to Match Selection. Daga nan duk kanun da ke wannan matakin za su bi sahu. Ina ba da shawarar ka ƙara abu ɗaya tun kana wurin: ka sake danna dama, ka shiga Modify, sai Format, sai Paragraph, ka sa alama a Page break before. Kowane babi zai riƙa farawa a sabon shafi da kansa, duk inda ka kai shi. Wannan ya fi dannan Enter sau goma sha don tura babi gaba, ɗabi'ar da ke wargaza kundi da zarar an motsa layi ɗaya.

Mataki na biyu: ja ka ajiye

Shiga View ka sa alama a Navigation Pane. Wani fili zai buɗe a hagu, ka zaɓi Headings a cikinsa. Ga kundinka nan gaba ɗaya a jere, babi-babi. Ɗora linzami a kan kanun da kake son ɗagawa, ka danne, ka ja shi sama ko ƙasa. Wani layi zai riƙa nuna maka inda zai sauka. In ya kai wurin sai ka saki. Kanun zai tafi da duk abin da ke ƙarƙashinsa: sakin layi, hotuna, jadawali, ƙananan kanu. Tun daga Word 2010 ake iya wannan.

A filin akwai Pages, mai nuna hotunan shafuka ƙanana. Mutane kan ɓata lokaci suna ƙoƙarin jan su. Ba sa jawuwa, na dubawa ne kawai. Haka kuma kanun da aka rubuta a cikin jadawali ko cikin akwatin rubutu ba zai fito a jerin ba.

In ƙaramin kanu ya bar babi na uku ya koma na biyu kuma matsayinsa ya sauya, danna dama a kansa ka zaɓi Promote don ɗaga shi ko Demote don sauke shi.

In abin da za ka ɗaga ba shi da kanu

Wani lokaci sakin layi uku ne kawai da jadawali ɗaya. Danna a farkon rubutun, ka gangara zuwa ƙarshensa, ka riƙe Shift ka danna. Duk abin da ke tsakani ya zaɓu, ba sai ka ja linzami yana guduwa da kai shafi goma ba. Ctrl da X ya yanke, ka je inda kake so, Ctrl da V ya manna. In kuma shafi ne cif kake so, tsaya a cikinsa ka danna Ctrl da G, ka rubuta \page a akwatin, ka danna Enter. Zai zaɓi shafin duka. Sai dai ka duba ko jimlar ƙarshe ta tsallaka shafi na gaba, kada ka raba ta biyu.

Sakin layi ɗaya da ke buƙatar matsawa kaɗan, Alt da Shift da kibiyar sama ko ta ƙasa sun isa. In hannu ya kuskure, Ctrl da Z.

Mataki na uku: abin da ido ba ya gani

Wannan wurin nake so ka natsu. Danna Ctrl da Shift da 8, alamomin da ke ɓoye su bayyana. Nemi layin da aka rubuta Section Break. A kundin jami'a yawanci akwai ɗaya tsakanin shafukan farko masu lambar Romawa, i, ii, iii, da babi na ɗaya inda ake fara 1, 2, 3. Akwai kuma biyu a gaba da bayan duk wani faffaɗan jadawali da aka kwantar da shafinsa.

Shi wannan layin shi ke riƙe da tsarin rubutun da ke samansa: lambar shafi, faɗin gefe, tsayuwa ko kwanciyar takarda. In yana ƙarshen sashen da ka ja, zai bi shi zuwa sabon wuri. In ka goge shi, rubutun da ke sama zai ɗauki tsarin na ƙasa. Shi ya sa za ka ga mutum ya ɗaga Tsakure kawai, sai lambobin shafukan farko da na babi na ɗaya su rikice, ko shafuka ashirin su kwanta gaba ɗaya. Don haka ka san inda kowanne yake kafin ka ja, ka sake dubawa bayan ka ja. Jadawalin da ke kwance, ka zaɓe shi tare da layukan biyu, na sama da na ƙasa, su tafi tare. In lambobin sun riga sun rikice, danna sau biyu a ƙasan shafin, ka shiga Page Number, sai Format Page Numbers, ka zaɓi Start at ka sa 1, ko Continue from previous section, gwargwadon abin da wurin ke buƙata.

Mataki na huɗu: gyaran bayan ƙaura

Bayanan ƙasan shafi suna sake lambarsu da kansu. Ƙumshiya kuwa, wato jerin kanu da lambobin shafukansu, in Word ce ta haɗa ta daga kanu, danna Ctrl da A, sai F9, ka zaɓi Update entire table. Amma duk lambar da ka buga da hannunka tana nan yadda ka bar ta: 3.4 da ya koma babi na biyu zai ci gaba da zama 3.4 har sai ka gyara, haka ma "Jadawali na 3.2" da duk inda ka ambace shi a cikin rubutu. Yi amfani da Ctrl da F ka nemo su ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ka karanta mahaɗar, wato sakin layin da ke gaban wurin da ka manna da wanda ke bayansa, da kuma gurbin da ka bari. Jimloli irin su "kamar yadda aka bayyana a sama" ko "a babi mai zuwa za a duba" su ne ke tona asirin aikin da aka yi wa ƙaura, kuma malamai na kama su nan take. Ka duba sunan da ka taƙaita ma: in cikakken sunan yana cikin sashen da ya koma baya, mai karatu zai ci karo da taƙaitaccen kafin ya san ma'anarsa.

In komai ya zauna, tabbatar girman takardar A4 ne a ƙarƙashin Layout, sannan ka danna F12 ka zaɓi PDF a wurin nau'in fayil. Shi za ka sa a filas ka kai shago, domin kwamfutar mai shagon tana iya rasa irin baƙaƙen da ka yi amfani da su, shafuka su sake zamewa. Ka tafi da na Word ɗin ma, ko malam zai sake cewa a ɗaga wani abu.